Abin da ke isa ga manhajar taminal idan ka danna maɓalli ko linzami

Buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, a kwamfutar da ke aiki da Linux ko macOS, ka rubuta cat, ka danna Enter, sannan ka danna kibiyar sama. Manunin rubutu ba zai haura ko'ina ba. Abin da zai bayyana a allo shi ne ^[[A. Kwamfutarka lafiyarta ƙalau. Abin da ka gani shi ne ainihin saƙon da kowace manhajar taminal take karɓa idan an taɓa wannan kibiya: lambobi uku a jere, 27 da 91 da 65.

Manhajar da ke da taga da hotuna, irin burauza, cikakken rahoto ake kai mata: ga maɓallin da aka taɓa, dannawa aka yi ko saki, ana riƙe da Shift ko ba a riƙe ba. Manhajojin taminal irin su vim da nano da htop da tmux ba sa samun ko ɗaya daga cikin wannan. Bayit kawai, wato lambobi daga 0 zuwa 255, ke zuwa musu, ɗaya bayan ɗaya, ta hanya guda. Halinsu kamar na mutumin da aka kulle a ɗaki ne ana zuro masa haruffa ɗai-ɗai ta ƙarƙashin ƙofa. Shi zai gane inda kalma ta fara da inda ta ƙare, kuma babu wanda zai leƙo ya ce masa an gama. Duk wata wahalar sarrafa allon madannai da linzami a taminal daga nan ta samo asali.

Dalilin kuwa gado ne. Taminal na farko inji ne mai zaman kansa, da waya aka haɗa shi da babbar kwamfuta. Teletype Model 33 na 1963 a takarda yake bugawa, haruffa goma a sakan ɗaya. VT100 na kamfanin DEC, wanda ya fito a 1978, yana da allo, amma shi ma haruffa kawai yake aikawa ta waya. Ƙa'idar umarnin da ya bi ita ce wadda aka tsara a ECMA-48 a 1976 da ANSI X3.64 a 1979. Da aka fara rubuta xterm a 1984, kwaikwayon irin waɗannan injuna aka sa shi yi, kuma taminal ɗin da ke kwamfutarka yau jikan wannan kwaikwayo ne. Wayar ta tafi, yarjejeniyar ta zauna.

Mai tsaron da ke tsakani

Kafin bayit ya isa ga manhaja, sai ya bi ta wani sashe na kanel, wato zuciyar tsarin aikin kwamfuta, wanda ke kula da layin rubutu. A yanayinsa na yau da kullum, wanda mutanen Unix ke ce wa dafaffe, wannan sashe yana tara abin da ka rubuta har sai ka danna Enter kafin ya miƙa layin gaba ɗaya. Shi ke nuna maka haruffan a allo, shi ke goge harafi idan ka danna Backspace. Idan ka danna Ctrl+C, manhajar ba za ta ga komai ba; mai tsaron ne zai karɓe ya aika mata siginar katsewa, SIGINT. Ctrl+Z ya zama SIGTSTP, siginar dakatarwa. Ctrl+S ya tsayar da fitar rubutu har sai an danna Ctrl+Q, abin da ya yi amfani a zamanin da inji ba ya iya cin ma saurin kwamfuta, yau kuma yake sa sabon shiga ya zaci taminal ɗinsa ya daskare.

Editan rubutu ba zai iya jiran Enter ba. Don haka aikin farko na kowace manhaja mai cike allo shi ne ta koma ɗanyen yanayi. Ana karanto saitin da ake ciki da tcgetattr, a adana kwafinsa, a kashe wasu tutoci, a mayar da tcsetattr. Kashe ICANON yana hana tara layi. Kashe ECHO yana hana nuna abin da aka danna. Kashe ISIG yana mayar da Ctrl+C bayit na 3 kawai, IXON ya sako Ctrl+S da Ctrl+Q, ICRNL kuma ya daina juya 13 zuwa 10. Akwai cfmakeraw da ke yin mafi yawan wannan a tashi ɗaya. Saituna biyu, VMIN da VTIME, su ke faɗin bayit nawa za a jira da kuma tsawon jiran, inda ake ƙirga VTIME da kashi ɗaya cikin goma na sakan, ko da yake yawancin manhajojin yanzu poll ko select suke amfani da shi su jira.

Da ka kashe ISIG, ka ɗauke wa mai amfani hanyar gudu da ya sani. Tun kafin ka rubuta wani abu, ka fara rubuta hanyar fita.

Tagwayen da ba a iya rabawa

A ASCII, tsarin da ya ba kowane harafi lamba, babban A lamba 65 ne, ƙaramin a kuma 97. Abin da maɓallin Ctrl yake yi a tsohon inji shi ne ya share manyan bit ya bar biyar na ƙasa. Daga 65 ko daga 97, abin da ke saura 1 ne. Shi ya sa Ctrl+A da Ctrl+Shift+A abu ɗaya ne a wurin manhaja. Lissafin nan ne kuma ya sa Ctrl+I ya zama 9, wato Tab, Ctrl+M ya zama 13, wato Enter, Ctrl+[ ya zama 27, wato Esc. Ba kama suka yi da juna ba, su ɗin ne. Wanda ya ɗora wani aiki a kan Ctrl+I a editansa ya ga Tab ya canza hali, ba kuskuren editan ba ne.

Backspace ma yana da tasa rigimar: wasu taminal 127 suke aikawa, wasu 8, kuma 8 ɗin shi ne Ctrl+H. Shift+Enter da Ctrl+Enter a tsohon tsari ba su da lambar kansu. 13 ne ko makamancinsa. Sannan babu labarin sakin maɓalli ko kaɗan. Idan ka riƙe maɓalli, maimaici kawai ke zuwa, don haka wasan da ke son sanin ko har yanzu yatsanka na kan kibiya sai dai ya yi hasashe daga tazarar maimaicin.

Lamba 27

A nan gizo ke saƙa. ASCII ba shi da gurbin kibiyoyi ko F1 ko Delete, sai aka yi dabara: a aika 27, wato ESC, a matsayin sanarwa cewa abin da ke biye ba rubutu ba ne. Kibiyar sama ESC [ A, ta ƙasa ESC [ B. Delete ESC [ 3 ~. F5 ESC [ 15 ~, F6 kuma 17, an tsallake 16. Idan an haɗa da Shift ko Alt ko Ctrl, xterm yana ƙara lamba: Shift 1, Alt 2, Ctrl 4, a tara a ƙara ɗaya. Ctrl da kibiyar sama sai ya zo a ESC [ 1 ; 5 A. Alt da harafi kuwa, a yawancin taminal, ESC ne sai harafin.

To amma akwai maɓallin Esc, shi ma 27 yake aikawa, shi kaɗai. Ga manhaja ta karɓi 27. Mutum ne ya danna Esc yana son fita daga inda yake, ko farkon kibiya ce sauran na hanya? Babu komai a cikin bayit ɗin da zai bambance. Abin da ya rage shi ne agogo: a ɗan jira, idan wani abu ya biyo nan take to jeri ne, idan shiru to Esc ne.

Tsawon jiran shi ne gaba kura baya sayaki. Laburaren ncurses yana jiran milisakan 1000 idan ba a canza ESCDELAY ba, sakan guda cur, wanda yatsa ke ji sarai. tmux, wanda ke buɗe taminal da yawa a cikin taga ɗaya, ya daɗe a kan 500 kafin fitowa ta 3.5 ta sauko da shi zuwa 10, kuma masu amfani da vim a cikin tmux sun shafe shekaru suna rage wannan lamba da hannunsu. Idan kuma ka gajarta da yawa, sai ranar da kake aiki ta SSH, wato da kwamfuta mai nisa, a kan layi mai rauni, 27 ya iso, sauran su makara. Manhaja ta ɗauka Esc ne, sannan ta karɓi [ da A a matsayin rubutu ko umarni. A edita irin vim, inda kowane harafi umarni ne, wannan na iya taɓa fayil ɗinka. A ganina gara a sa jira gajere, 'yan gomomin milisakan, a kuma bar wa mai amfani damar ƙarawa, domin shi ya san layin da yake kai. Babu lambar da ta dace da kowa.

Ƙari a kan haka, taminal ba su yi ittifaƙi a kan jerin ba. Home a xterm ESC [ H ne, a allon Linux na asali ESC [ 1 ~, a rxvt ESC [ 7 ~. Kibiyoyin kansu suna da fuska biyu: idan manhaja ta kunna yanayin da ake kira DECCKM, kibiyar sama ta koma ESC O A. Don magance wannan ne Bill Joy ya ƙirƙiro termcap saboda vi a ƙarshen shekarun 1970, daga baya terminfo ya gaje shi: kundi ne da ke faɗin abin da kowane taminal ke aikawa, ana nemo shafin da ya dace ta sunan da ke cikin TERM. Matsalar ita ce taminal da yawa suna kiran kansu xterm-256color alhali ba xterm ba ne. Shi ya sa laburare da dama na yanzu suke haddace duk sanannun jerin su karɓi wanda ya zo.

Wanda zai rubuta sashen da ke warware bayit da kansa, abu uku ne ke kayar da shi. Na farko, zaton cewa karatu ɗaya zai kawo jeri ɗaya cikakke. Yana iya kawo rabi, yana iya kawo biyar a haɗe, don haka dole a riƙe ragowar har karatu na gaba. Na biyu, jerin da ba a sani ba. ECMA-48 ya shimfiɗa nahawu: bayan ESC [ sai lambobi da alamomi daga 48 zuwa 63, sai na tsakiya daga 32 zuwa 47, sai bayit na rufewa daga 64 zuwa 126. Wanda ya bi wannan zai iya haɗiye jerin da bai gane ba gaba ɗayansa ya yar, maimakon ya bar wutsiyarsa ta zube cikin rubutun mutum. (Allon Linux na asali ya saɓa: F1 ɗinsa ESC [ [ A ne, sai an ware masa hanya.) Na uku, UTF-8, tsarin da ake rubuta haruffan harsunan duniya da bayit. Harafin ƙ bayit biyu ne, 198 da 153, wasu haruffan uku ko huɗu. Manhajar da ke ɗaukar kowane bayit a matsayin maɓalli za ta yi aiki lafiya da Turanci, ta farfasa rubutun kusan kowa.

Linzami

Taminal ba ya gaya wa manhaja komai game da linzami sai ta roƙa. Roƙon kuma rubutu ne take fitarwa: ESC [ ? 1000 h yana cewa a sanar da ni dannawa da saki. 1002 yana ƙara motsi yayin da ake riƙe da maɓalli, wato ja. 1003 yana kawo kowane motsi ko ba a danna komai ba. Idan aka sauya h da ƙaramin l, an kashe. Rahoton kuma ta ƙofar da madannai ke shigowa yake shigowa, a cakuɗe da su.

Tsohon fasalin rahoton ESC [ M ne sai bayit uku: maɓalli, ginshiƙi, layi, kowanne an ƙara masa 32 don ya faɗa cikin haruffan da ake iya bugawa. Bayit ɗaya ba ya wuce 255. Cire 32, saura 223. Nan ne iyakar ginshiƙin da za a iya faɗa. A lokacin da allo ke da ginshiƙi 80 babu wanda ya damu. A faffaɗan allo na yau, gefen dama gaba ɗaya sai ya zama wurin da linzami ba ya aiki. Aibi na biyu: duk saki lamba 3 ne, ba a faɗin wane maɓalli aka saki. An gwada gyara da 1005 da 1015, kowanne da nasa ciwon, har aka tsaya a kan 1006, wanda ake kira fasalin SGR. Shi lambobi yake rubutawa ɓaro-ɓaro. Danna maɓallin hagu a ginshiƙi na 12, layi na 5, zai zo a ESC [ < 0 ; 12 ; 5 M, sakinsa kuma haka nan amma da ƙaramin m. Babu iyakar 223, kuma an san wanda aka saki. Sabuwar manhaja ba ta da dalilin ƙin kunna 1006 tare da duk wanda ta zaɓa cikin ukun farko.

Lambar farko ɗin nan tarin bayani ce. Hagu 0, tsakiya 1, dama 2. Shift yana ƙara 4, Alt 8, Ctrl 16, motsi 32. Tayar da ke tsakiyar linzami ana ɗaukar ta maɓalli ce: 64 sama, 65 ƙasa, kuma ba ta da saki. Danna sau biyu da sauri ba a sanar da shi. Manhaja ce za ta auna lokaci da wuri ta yanke hukunci. Ƙirgen ginshiƙi da layi daga 1 yake farawa, alhali yawancin harsunan rubuta manhaja daga 0 suke farawa, kuma wannan ratar ta ɗaya ta sa mutane da yawa sun danna abu, na kusa da shi ya amsa. Wurin da ake ba ka kuma gurbi ne, ba harafi ba. Harafin Sinanci ko na Japananci gurbi biyu yake ci, wasu alamomin da ake ɗorawa a kan harafi ba sa cin ko ɗaya, saboda haka ginshiƙi na 12 ba lallai ya zama harafi na 12 ba. Sai ka bi layin kana tara faɗin kowane harafi.

Akwai farashin da ba a cika faɗa ba. Da manhaja ta karɓi linzami, taminal ya daina barin mutum ya ja ya zaɓi rubutu ya kwafa kamar yadda ya saba. A yawancin taminal riƙe Shift yana dawo da wannan, amma ba kowa ya sani ba. Don haka nake ganin kunna linzami shawara ce da ya kamata a auna, ba ado ba. Idan abin da kake so kawai shi ne taya ta motsa shafi, taminal da yawa suna juya ta zuwa kibiyoyi da kansu idan manhaja na kan allo na biyu, wato wanda manhajoji masu cike allo ke komawa, ba tare da an roƙi komai ba. 1003 kuwa, sai in da gaske kana son abu ya haskaka idan linzami ya ratsa kansa, domin kowane gurbi da aka ƙetare saƙo ne, kuma ta SSH ana jin nauyinsa. Duk abin da linzami ke yi, a ce akwai maɓallin da ke yin sa.

Sauran baƙin da ke bin wannan ƙofa ba su da wuyar sha'ani. Manna rubutu, a idon manhaja, bugu ne mai sauri, har da Enter ɗin da ke ciki, wanda ke nufin layin da ka kwafo daga wani shafi zai iya zartar da kansa. Kunna 2004 yana sa taminal ya kewaye abin da aka manna da ESC [ 200 ~ da ESC [ 201 ~, bash, wato shel ɗin da ke karɓar umarni, ya mayar da wannan tsayayyen saiti daga fitowa ta 5.1 a 2020. Kunna 1004 yana sanar da shigar taga da fitarta. Canjin girman taga shi ne ya bi wata hanya dabam: siginar SIGWINCH, sannan ka tambayi sabon girman da TIOCGWINSZ. Amsoshin tambayoyin da manhaja ke yi wa taminal ma ta nan suke dawowa, kuma akwai karo mai ban dariya: amsar cewa manuni na layi na 1, ginshiƙi na 2, ita ce ESC [ 1 ; 2 R, daidai da abin da xterm ke aikawa idan an danna Shift+F3.

Gyaran da ake kan yi

xterm ya daɗe da modifyOtherKeys. Paul Evans ya ba da shawarar a riƙa aika lambar harafi da ta masu rakiyarsa a rufe da u, sannan Kovid Goyal, marubucin taminal ɗin kitty, ya faɗaɗa shawarar ta zama cikakkiyar yarjejeniya, wadda foot da WezTerm da Alacritty da Ghostty suka karɓa. Idan manhaja ta aika ESC [ > 1 u, maɓallin Esc ya koma ESC [ 27 u, jiran agogo ya ƙare. Ctrl+I ya koma ESC [ 105 ; 5 u, ya rabu da Tab. Da ƙarin tuta ana samun labarin maimaici da na saki. Hanyar gane ko taminal ya iya kuwa ita ce a tambaye shi da ESC [ ? u, a bi shi nan take da ESC [ c, tsohuwar tambayar da kusan kowane taminal ke amsawa. Idan amsar ta biyu ta iso babu ta farko, bai iya ba, sai a koma tsohon tsari. Komawar dole ce, domin ba ka san inda za a buɗe manhajarka ba, kuma idan tmux na tsakani sai abin da shi ya fahimta ya wuce. Don haka muhimmin umarni, irin adanawa ko fita, kada a ɗora shi a kan haɗin da sai sabon tsari ke iya bambancewa.

Windows ta wata hanya ta taso. ReadConsoleInput yana ba da rahoto a tsare, har da saki da linzami, ba tare da ESC ba. Daga Windows 10 aka ƙara tutar ENABLE_VIRTUAL_TERMINAL_INPUT, a 2018 kuma ConPTY ya zo, don manhajojin da suka saba da jerin ESC su samu abin da suka sani. Laburare irin crossterm a Rust, Bubble Tea a Go, prompt_toolkit da Textual a Python suna rufe wannan bambanci. Rubuta naka sau ɗaya makaranta ce mai kyau. Abin da za ka ba mutane su yi aiki da shi kuwa, gara ka ɗora shi a kan wanda dubban taminal suka riga suka gwada.

Mayar da abin aro

Duk saitin da manhaja ta canza, a jikin taminal yake, ba a jikinta ba. Idan ta mutu ba ta mayar ba, haka zai zauna. Alamar sananniya ce: ka koma shel, ka motsa linzami, sai tarkace irin 35;40;12M su yi ta zubowa, wato 1003 da 1006 suna nan a kunne, 35 ɗin kuma 32 na motsi ne da 3 na babu maɓalli. Ko ka yi ta rubutu ba ka ganin komai saboda an bar ECHO a kashe. Mayarwar tana bukatar ta faru a kowace hanyar fita: fita ta lafiya, kuskuren da ba a tare ba, SIGTERM, SIGHUP. Dakatarwa ma fita ce ta ɗan lokaci. A mayar da saiti kafin a tsaya, a sake kunnawa idan SIGCONT, siginar ci gaba, ya zo. Haka idan manhajarka za ta buɗe wani edita a cikinta. A kashe abubuwa a bisa akasin jerin da aka kunna su, saitin mai tsaron layi da aka adana tun farko ya zo ƙarshe.

SIGKILL kuwa, siginar kashewa ta dole, ba a iya tarewa. Idan shi ya faɗa wa manhaja, gyaran ya koma hannun mai amfani: stty sane yana daidaita mai tsaron layi, reset kuma yana wanke taminal ɗin gaba ɗaya har da linzami. Idan Enter ya ƙi aiki saboda an bar ICRNL a kashe, danna Ctrl+J, rubuta reset ko ba ka ganin haruffan, ka sake danna Ctrl+J.